Santimita Huɗu: Nazarin Gyaran Wani Tsohon Keke da Jakar da Ta Ƙi Zama

Keken na yayana ne, Allah Ya jiƙansa. Ya shekara goma sha biyu a rataye a bangon ɗakin ajiya. Tayoyin sun tsattsage kamar diddigen mai faso, kaca ta ƙage har ana iya ɗaga ta a tsaye. Da ɗansa na biyu ya samu aiki mai nisan kilomita 11 daga inda yake kwana, sai ya sauko da shi ya turo mini, tun da ni ne mai ƙwaƙule-ƙwaƙulen sufana a dangi.

"Baffa, so nake ya koma yadda yake a hoton Baba," in ji shi. "Kuma da shi zan riƙa zuwa aiki."

Buƙatu biyu ya faɗa a numfashi ɗaya. Na kama ta farko hannu bibbiyu, ta biyu kuwa na ajiye ta a gefe da nufin sai an gama gyara a ga inda za a rataya kaya. Aikin ya ɗauke mu mako bakwai, kuma kuskuren da ya fi cin mu a cikinsa daga wannan ajiyewar ya fito.

Sanin keken kafin a taɓa shi

A goshin bodin akwai tambarin zalɓe, alamar kamfanin Raleigh na birnin Nottingham a Ingila. Na kifa shi na kankare dattin da ke ƙarƙashin gidan feda, lambar ta fito: W, sai wani harafin, sai 7. A tsarin da kamfanin ya bi daga tsakiyar shekarun 1970, harafin farko masana'anta yake nunawa, lambar farko kuma shekara. W ita ce Worksop, masana'antar Carlton da Raleigh ya saya a 1960 aka rufe ta a 1981. Ke nan keken ɗan 1977 ne.

Ba don burga na nemi wannan ba. Kekunan da aka ƙera a Nottingham kanta da yawansu tiredin gidan fedarsu da na wuyansu na kamfanin ne shi kaɗai, zare 26 a inci guda, alhali abin da aka saba a Ingila, wanda duniya ta bi daga baya, 24 ne. A ido ba su da bambanci. Sai ka ɗaura sabon kofi, wato murfin da ke riƙe boris a gidan feda, ya shiga zagaye biyu lami lafiya, a na uku ya cije, ka ƙara ƙarfi, ka cinye tiredin bodi. Na Worksop galibinsu 24 ne, amma galibi ba duka ba ne, don haka na auna: 24, faɗin gidan milimita 68. Na sauke numfashi. Da keken Faransa ne da wata rigimar ce daban, don nasu kaurin tiredin milimita 35 ne kuma kofin dama bai da tiredin hagu irin na Ingila.

A jikin bututun sirdi akwai ɓurɓushin takardar Reynolds 531, ƙarfen da aka fara fitarwa a 1935, mai haɗin manganis da molibdenom. Yaron ya ga lambar ya washe baki, don ya ji ana yabon ta. Na nuna masa sauran rubutun: manyan bututu uku ne kawai na 531, kuma masu kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, ba irin waɗanda ake siranta tsakiyarsu a bar bakinsu da kauri ba. Keke ne mai kyau na tsaka-tsaki. Ni wannan daɗi ya yi mini, domin keken da ba na gidan tarihi ba ne kana iya sauya masa wili, ka ɗaura masa maɗauri, ba wanda zai ce ka yi ɓarna.

Kafin a sayi ko noti ɗaya sai bodi ya ci jarrabawa. Na bi ƙarƙashin bututun da ke gangarowa daga wuya da ɗan yatsa, daidai bayan mahaɗi, inda fenti ke tattarewa idan keke ya taɓa karo da gaba. Sumul. Na ɗaura zare daga bakin wilin baya na dama, ya zagaya wuya ya dawo na hagu, na auna tazararsa da bututun sirdi ta kowane gefe, bambancin bai kai milimita biyu ba. Fok a miƙe. Tsatsa ta sama ce, ba ta ci rami ba. Girman bodin inci 21 da rabi, ya ɗan yi wa yaron yawa amma ba har ya hana hawa ba.

Sandar sirdi

Na kwance notin da ke matse sandar sirdi, na kama sirdin na murɗa. Ko gezau. Nan allura ta fara tono garma.

Sandar ta alminiyom ce, bututun kuma ƙarfe. In aka haɗa su babu giris, danshi ya shiga tsakani, alminiyom ɗin yakan fitar da farin gari mai cin wuri fiye da ƙarfen da ya fito daga jikinsa, sai ya cika ɗan sararin da ke tsakaninsu ya kulle su kamar siminti. Man da ake fesa wa tsatsa yana aiki a kan jar tsatsar ƙarfe, amma wannan farin garin ba ya jin sa sosai. Kuma ba a iya barin ta yadda take ba, domin yayana ya fi ɗansa tsawo. Tsayin ƙafar yaron daga ƙasa zuwa gindin cinya santimita 77 ne. Lissafin da aka saba farawa da shi shi ne a ninka wannan da 0.883, ya ba da santimita 68 daga tsakiyar gidan feda zuwa saman sirdi. Sandar ta ƙage a 72. Duk wanda ya tuƙa kilomita 22 kullum a kan sirdin da ya fi shi da santimita huɗu, ƙugunsa zai yi ta rangaji, bayan gwiwarsa kuma zai ba shi labari.

Na kifa bodin, na cire kayan gidan feda, na riƙa zuba mai ta ƙasa yana gangarawa cikin bututun, safe da yamma, har mako biyu. Da na ga shiru sai na kai shi wurin dattijon da na koyi gyaran keke a hannunsa, mai bais ɗin da ke kafe a kan tebur mai nauyi. Na ce ko mu gasa bututun da wuta.

"Kai ma dai," ya ce. "Alminiyom ya fi ƙarfe kumbura da zafi kusan ninki biyu. Ka gasa shi ka ƙara ɗaure shi, ka ƙona fentin marayu a banza. In ma wani abu za ka yi masa, sanyi za ka ba shi."

Muka cusa ƙanƙara a leda muka naɗe abin da ya fito na sandar har ta yi raɓa, muka damƙe kanta a bais, bodin na sama a kife, ya zama shi ne sufanar. Ni a wuya, yaron a ƙafafun baya, dattijon yana tsaye yana lura kada mu murɗe bodin kansa. A yunƙuri na huɗu muka ji ƙas! kamar an karya busasshen icce. Ta motsa da faɗin farce. Sai da muka yi kusan awa guda muna kaiwa da komowa muna ja sama kafin ta fito, fara fat da gari, kanta ya lotse ba ya sake moruwa. Da ta ƙi, abin da ya rage shi ne a yanke ta a tsaga ta daga ciki da bakin zarto, aikin kwana biyu mai haɗarin yankar bodi, ko a narkar da ita da soda mai ƙuna, wadda ke cin fata da ido da fenti kuma tana fitar da iskar da ke kama wuta. Ban so ko ɗaya ba.

Kaurinta milimita 26.4. Na rubuta a bango, don sandunan nan bambancin milimita 0.2 ke tsakaninsu, kuma wadda ta yi ƙanƙanta takan sa a matse kunnuwan bututun har su tsage.

A cikin waɗannan makonni biyu na jira ne yaron ya ƙagu. Ya zo da tef ya auna daga madaukan rataya jaka da ke bayan sirdi zuwa saman taya, ya samu santimita 23, ya nuna mini hoton wata babbar jaka a wayarsa mai zurfin 21. "Baffa, za ta shiga ko?" Hannuna cikin baƙin mai, na ɗaga kai na ce za ta shiga. Ya saya. Ni da na yi lissafin 68 da hannuna, ban haɗa shi da wannan awon ba.

Abin da bai ba da wahala ba

Sauran kayan ciki aikin haƙuri ne kawai. Na wanke komai da kalanzir, na zubar da tsofaffin boris gaba ɗaya: masu kwatan inci, goma sha ɗaya-ɗaya a gidan feda da tara-tara a cibiyar wilin baya, masu 3/16 goma-goma a ta gaba, ƙanana masu 5/32 a wuya. Kofunan ba su yi rami ba. A cibiyar wili mai maɗaurin hannu ana barin ɗan wasa kaɗan, domin matse maɗaurin yana danne sandar ya shanye wasan. Wanda ya ɗaure tam tun a hannu, boris ɗinsa ba sa shekara.

Giyar baya SunTour ce ta Japan, mai ƙirar nan ta karkace da suka yi wa rajista a 1964, wadda ke bin haƙoran firwil a kusa-kusa. Wanka da ɗigon mai kawai ta nema. Hannun giyar a kan bodi yake, irin wanda ake lalube da yatsa har kaca ta yi shiru, ba mai ƙas-ƙas ba, kuma wannan alheri ne ga mai gyaran tsohon keke don bai damu da wace kaca ko wane firwil aka sa masa ba. Kaca sabuwa, wayoyi sababbi, robobin birki sababbi. Tsofaffin robobin sun bushe sun zama kamar katako.

Fenti ne muka yi 'yar jayayya a kai. Shi yana son a sake shi fes. Na ce keken da zai yini a ɗaure a waje, makulli na gogar sa kullum, sabon fenti kiran ɓarawo ne. Muka kankare tabon tsatsa, muka shafe su, muka goge bodin da kaki. Kurom ɗin fok kuwa takardar alminiyom da ruwa suka dawo da shi.

Wili

Na gaba na asali ne, alminiyom, mai inci 27. Na baya wani ya taɓa musanya shi da na ƙarfe mai kurom, wanda ke sheƙi a rana amma in ya jiƙe birki ke zamewa a kansa kamar an shafa sabulu. Ga mai zuwa aiki kullum wannan ba abin sasantawa ba ne. Na gaban ma bakinsa a miƙe yake, ba shi da ƙugiyar da rim na zamani ke riƙe taya da ita, don haka ba ya son iska mai yawa.

Tun da sai an sauya, tambayar ita ce a zauna a 27 ko a koma 700C. Faɗin na farko inda taya ke zama milimita 630 ne, na biyu 622. Tazarar takwas ce, wato huɗu ta kowane gefe, kuma tayar ɗaya ba ta hawa ɗayan ko da an yi rantsuwa. Tayoyin 700C sun fi yawa nesa ba kusa ba. Sharaɗin shi ne robar birki ta iya sauka milimita huɗu, kuma birkin keken Weinmann ne mai jan tsakiya, hannuwansa dogaye. Na baya ya sauka da rara, na gaba ya kai ƙarshen ramin daidai.

Sayen sabon wili gaba ɗaya zai jawo wata matsalar, domin tsakanin ƙafafun bayan bodin milimita 120 ne, na zamanin giya biyar, sababbin kuwa 130. Ƙarfe yana yarda a buɗa shi, amma ban ga dalilin wahalar da shi ba alhali cibiyoyin da ke kai lafiyarsu ƙalau. Na saƙa sababbin rim a kansu da sifoki 36 marasa tsatsa, na sa taya mai faɗin milimita 32.

Sirdin Brooks B17 ne na fata, ya bushe amma bai tsage a bakin ƙusoshinsa ba, wanda nan ne ake gane mutuwar irinsa. Man fata kaɗan-kaɗan na shafa masa sau uku cikin mako biyu. Wanda ya tsoma shi a mai don ya yi laushi da wuri, zai samu laushin, ya kuma samu sirdi mai lotsawa kamar raga. Notin da ke hancinsa rabin zagaye kawai na juya. A bayansa akwai madaukai biyu na ƙarfe, waɗanda aka yi su musamman don jaka.

Jakar farko

Ranar da keken ya tashi, yaron ya zura maɗaurai biyu a madaukan, na uku ya zagaya sandar sirdi, ya loda kaya ya tafi yana murna. Kwana uku ya dawo yana tura shi.

"Baffa, keken nan nauyi gare shi. Kamar ana ja na ta baya. Kuma ga wani wari."

Na juya jakar. A gindinta akwai baƙin tabo mai tsawon yatsa, tsakiyarsa ya huje, ana hango rigarsa ta ciki. Na sa tef: daga madauki zuwa taya santimita 19 da 'yan kai. Saukar sirdi ta cinye huɗu, sauya wili ya mayar da ƙasa da rabin ɗaya. Jaka mai zurfin 21 a tazarar 19, kuma wannan 21 ɗin awon jaka ce babu kaya. Tamfol in ya ji nauyi yakan saki ciki ya ƙara biyu ko uku. Ko a tsohon awon na 23 da ƙyar za ta sha.

Nauyin da yake ji kuwa ba gogar taya kaɗai ba ce. Wayar birkin baya mai jan tsakiya tana saukowa ne daga notin sandar sirdi zuwa tsakiyar birkin, tsirara, daidai inda cikin jakar ke jingina. Jakar ta danne wayar, wayar ta ja robobin suka kama rim kaɗan. Kwana uku yana tuƙi da birki a ɗan riƙe. Ga kuma gaban jakar na bugun bayan cinyarsa a kowane zagaye, abin da bai faɗa ba sai da na tambaya.

Ya fara zagin jakar, na ce ya bar ta, ba ta yi laifi ba. Ni na ce za ta shiga.

Abin da na gane a ranar, wanda ya kamata in sani tuntuni, shi ne girman bodi ba ya cikin lissafin nan ko kaɗan. Wili girmansa ɗaya ko bodin babba ne ko ƙarami. Tsayin sirdi kuma ƙafar mahayi ce ke yanke shi. Don haka sararin jaka a bayan sirdi tsawon ƙafar mutum ne aka ɗebe wili. Dogo yana da fili, gajere ba shi da shi, kuma ba wani sauyin keke da zai ƙara masa sai dai ya koma ƙaramin wili. Mu kuma ba mu ma sa madigadi ba tukuna, wanda dole ne ga sirdin fata don ruwan da taya ke watsowa ta ƙasa shi ke kashe shi. Da muka ɗaura, tazarar ta koma 17.

Komawa farko

Sai a lokacin na yi tambayar da ta kamata tun ranar da ya turo keken: me kake ɗauka? Na sa ya zazzage komai a tebur muka ɗora a sikeli. Kwamfutar aiki mai faɗin santimita 31, rigar canji, rigar ruwa, makullin keke, famfo, tiyub, kayan faci da sufana biyu. Kilo huɗu da rabi, kuma makullin kaɗai ya haura kilo guda. Da muka tattara su a kwali, ba su cika lita goma sha uku ba. Jakar da ya saya ta haura ashirin. Ya saye ta ne don ranar da zai yi doguwar tafiya, ranar da ba ta zo ba tukuna, ya bar ranakun da ke zuwa sau biyar a mako.

Hanyoyi huɗu muka auna. Jakar goyo ita ce mafi sauƙi, kuma ita ya gudo daga gare ta: a keken tsere mutum a sunkuye yake, nauyin na sauka a wuyan hannu, bayan riga kuma ya isa ofis sharkaf. Jakar zamani mai tsini, wadda ke miƙewa baya kamar jela, tana son sanda mai tsawo a waje ta kama, shi kuwa abin da ya fito na sandarsa bai wuce damƙar hannu ba, kuma kwamfuta ba ta shiga cikinta.

Kariya da jakar gefe ita ce ta ba ni wahalar yankewa, don gaskiya ita ce amsar da ta fi dacewa da kwamfuta. Sai dai bodin rami ɗaya gare shi a kowane gefe a bakin wili, wanda madigadi ya riga ya kama, kuma babu wurin ɗauri a sama. Ana iya haɗa su a noti ɗaya a kama sama da maɗauran roba, na ma gwada da wata tsohuwar kariya da nake da ita. Hannuwanta suka yi karo da birkin, kuma da na rataya jakar gefe diddigensa ya riƙa taɓa ta sai an tura ta can baya, inda nauyi ke sa gindin siririn bodi irin wannan ya yi ta kaɗawa. Da kilo goma yake ɗauka da na nace a kanta duk da haka. A huɗu da rabi, kariyar da ta kusa kilo guda ita kanta ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Muka dawo kan jakar sirdi mai kwanciya a gicciye, irin ta mahayan Ingila, wadda keken ma da ita aka yi tunaninsa. Kamfanin da aka fi sani da ita shi ne Carradice na garin Nelson a Lancashire, wanda ke ɗinka ta tun farkon shekarun 1930 da tamfol na auduga mai kaki. Zaren audugar yana kumbura in ya jiƙe ya toshe ƙofofin saƙar, a ciki kuma akwai sandar katako da maɗauran ke zagayawa don nauyi ya bazu. Wadda ta ɗinka jakar takan rubuta sunanta da biro a takardar ciki. Suna da ƙanana irin Barley, da matsakaita irin Nelson, da babbar Camper, har da wadda suka kira Lowsaddle saboda masu irin matsalarmu, da kuma ƙarfen tallafi mai suna Bagman. Samuwar waɗannan biyun na ƙarshe ta nuna mini ramin da muka faɗa tsoho ne, mutane da yawa sun riga mu.

Amfanin wannan ƙirar shi ne kayan na manne da mahayi, a gaban sandar wilin baya ko daidai kanta, don haka keken bai cika sanin an ɗora masa wani abu ba. Aibinta nauyin a sama yake. In ka miƙe a kan feda a hawa kana kaɗa keken, za ka ji ta tana bin ka a makare.

Wannan karon ba mu sayi komai ba sai da muka yi gwaji da kwali. Na yanka akwati mai faɗin 34, zurfin 15, muka zuba kayan, muka ɗaure shi da igiya a madaukan, ya zagaya sau biyu. Abin dariya a ido, amma a minti goma ya gaya mana abu uku: zurfin 15 shi ne iyaka, dole a nisanta jakar daga wayar birki, kuma cinyarsa na son a ja ta baya da kamar yatsa uku. Duka ukun maganinsu ɗaya, ƙarfen tallafi da ke kama ƙafafun sirdi ya miƙa baya ya tallabe jakar ta ƙasa. Shi ma da sharaɗinsa: yana buƙatar miƙaƙƙen wuri a ƙafafun sirdin bayan kan sanda, su kuwa sirdunan fata wannan wurin gajere ne. Na auna, akwai santimita biyu da ɗan ɗoriya. Ya kama, da ƙyar.

Jakar da ya saya daga baya mai lita goma sha biyar ce, faffaɗa marar zurfi, da aljihu biyu a gefe da murfi mai ninki wanda ake warwarewa in kaya sun ƙaru. Famfo da kayan faci suka koma aljihun gefe, inda suke kwana. Rigar canji a ƙasa ta zama katifa, kwamfuta a cikin rigarta mai soso a kai, rigar ruwa a sama. Makullin muka fitar da shi gaba ɗaya muka ɗaura a bodi, don shi ne mai nauyin da ke sa jaka lilo. Da kaya a ciki, yatsu biyu na shiga tsakanin tallafin da madigadi.

Bayan wata shida

Ya kawo keken dubawa. Wilin baya ya ɗan karkace, na ja sifoki uku. Notin tallafin ya saki sau ɗaya a wata na biyu, tun daga nan yake bin sa da sufana duk ƙarshen mako. Ruwa ya kama shi sau da dama, cikin jakar bai jiƙe ba, ko da yake kwamfutar a leda yake sa ta in hadari ya haɗu, kuma ban hana shi ba. Ƙorafinsa guda ne: kwance maɗauran fata uku a bakin ofis kullum ya ishe shi, har ya koma barin jakar a keke yana zare wata 'yar jakar yadi daga ciki. Jakar da aka bari a waje kuwa wata rana za a wayi gari babu ita. Wannan ba mu warware shi ba. Akwai tallafi mai sakin hannu, yana tunanin sa.

Na zare sandar sirdin a gabansa, ta fito sulɓi, na sake shafa mata giris na mayar daidai kan tef ɗin da muka naɗa a 68.

Jakar farko tana kan nawa keken. Na lika mata faci da guntun tsohon tiyub ta ciki da waje, kuma da yake sirdina a 75 yake, tana lilo a sarari ba ta taɓa komai. Da ya gan ta ya tsaya yana kallo.

"Baffa, ai sai ka biya ni kuɗinta."

Na ce ya fara dawo mini da sufanata mai lamba goma tukuna.